Sunan Da Mata Suka Raɗa Wa Shagona

Jama'a, ku gyara zama, yau rigimar allo zan ba ku. E, allon nan da ake kafawa a saman ƙofar shago. Ban taɓa zaton falankin katako guda zai hana ni sukuni har mako uku ba, ya kusa raba ni da wanda nake so, ya kuma sa Ummata ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a ciki. Amma wallahi ya yi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, shekarata ashirin da shida, sana'ata gyaran kujeru. Kujerar da sosonta ya mutu, wadda sifirin ya leƙo yana tsikarin baƙi, wadda yara suka mayar filin tsalle, ita ce abincina. In feɗe ta, in cire abin da ya ruɓe, in ɗaure ƙafar da ke rawa, in sa mata sabon yadi, mai ita ta zo ta tsaya tana salati. Shekara uku na yi ina wannan aiki a garejin gidanmu, tsakanin tsohuwar motar Abba da ta manta yadda ake tashi da injin wankin Umma. Sai bana Allah ya buɗa, na kama shago a bakin titi, dama da ni mai kemis, hagu mai labule. Ɗaki biyu ne. Na gaba na shafa masa farin fenti na jera samfurin yaduka a bango, na baya kuma nan teburin aiki yake da keken ɗinki da tulin soso har rufi.

Komai ya kammala sai suna. Mai Fenti, wani dattijo siriri da kullum burushi ke maƙale a kunnensa, ya riga ya yanka allon ya shafa masa shuɗi, yana jira. Kullum sai ya kira ni.

"'Yata, me zan rubuta?"

"Baba, ina kan tunani."

"To ki yi ta yi. Asabar ta sama zan zo da tsani. In babu suna, 'Shago' zan rubuta in sauko, kowa ya huta."

Yanzu sai batun Manaja. Haka kowa ke kiransa, har Umma. Yana da wurin sayar da sababbin kujeru mai hawa biyu, gilashi tun daga ƙasa har sama, sunan wurin Gidan Ƙawa. A wurin mai soso muka haɗu, ina ƙwanƙwasa katifa da gwiwar hannu ina ce wa mai shagon wannan soson ba zai kai wata shida ba. Ya tsaya yana dariya, washegari sai ga saƙonsa. Shekara guda ke nan muna tare. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, rigarsa ba ta taɓa sanin yamutsewa ba, ƙamshin turarensa kan riga shi shiga falo. Kuma kar in ɓoye muku, ina son sa. Ina son sa har idan na ga sunansa a waya sai na goge hannuna a jikin ovarol, rigar aikina, kafin in ɗauka, kamar yana gani na.

Ranar Juma'a ina cin abincin rana a kan buhun soso saƙonsa ya shigo.

"Madam, na warware miki matsalar suna. GIDAN ƘAWA, RESHE NA BIYU. Ya kika gani?"

Na karanta, na sake karantawa, cokalin ya tsaya a iska. Reshe? Ni da na kwashe shekara uku ina shaƙar ƙurar tsofaffin kujeru, guduma ta fasa min farce sau biyu, yau ni ce reshe? Na rubuta amsa mai zafi na goge. Na rubuta mai sanyi, ita ma na goge. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne, "Bari mu yi shawara." Ku tsawata min, na cancanta.

Ashe ya riga ni. Ina shiga gida da yamma na tarar da Umma da Gwaggo, yayar Abba, a falo sun sa ni a faranti. Gwaggo ta baje a kujerar tsakiya da mayafinta mai duwatsu da jakar da ba ta rabuwa da cinyarta. Kujerar ma ni na gyara ta, amma ba a wannan maganar.

"Ga Kafinta nan," in ji Gwaggo. "Zo nan, zauna. Yaron kirki ya kira uwarki ya ce zai ara miki sunan kamfaninsa. Kin gode masa?"

"Gwaggo, ban ce na karɓa ba."

Umma ta ajiye kofin shayinta a hankali. Idan Umma ta ajiye abu a hankali, to a kiyayi abin da zai biyo baya.

"Ba ki ce kin karɓa ba. To me za ki sa? Faɗa mana mu ji."

Gaskiya ba ni da shi. Na cika shafi uku na littafi da sunaye, babu wanda na karanta na ji ya zauna. Wani ya yi kama da sunan shagon turare, wani na makarantar yara.

"Kin gani," in ji Umma. "Ba ki da naki, kin raina na mutane. Mutumin da ke shirin turo manyansa, ya ɗauki sunan da ya sha wahala ya gina ya miƙa miki, ke kuma kina taɓe baki. Ke 'yar nan, kin san 'yan mata nawa ne ke leƙen gilashin nan ba don kujera ba?"

"Ko kuma a sa sunan kakanku," Gwaggo ta cafe. "Amma na Manaja ya fi tsari. Mace ai da inuwa ake ganin ta."

Na juya wajen Abba ko zai cece ni. Yana kusurwa da rediyonsa. Ya ɗago ya ce, "Ni dai a fitar min da ragowar soson nan daga gareji," ya mayar da kansa.

Ranar Litinin na isa shago da safe, sai na ja birki a bakin titi. Wani ƙaton ƙyallen talla na leda ne ɗaure a saman ƙofata, baƙi da ruwan zinare, da hoton wata doguwar farar kujera irin wadda ko zama a kai sai an nemi izini. GIDAN ƘAWA, RESHE NA BIYU. Mai labule ya leƙo yana washe baki.

"Madam, ashe an sayar da wurin? Barka!"

Wayata ta yi ƙara, saƙon Manaja ne. "Kyautar bazata. Na wucin gadi ne kafin Mai Fenti ya zo ya kwafa. Ya yi kyau ko?" Har da hoton zuciya guda biyu.

Nan ne zan yi muku ikirari. Ban cire ba. Na tsaya ina kallon sa, idona ya ciko, sannan na buɗe shago na shiga kamar ba ni ba. Na ce a raina ai don ƙauna ya yi, ai Umma za ta ji daɗi, ai suna ba shi ke riƙe guduma ba. Na lallashi kaina da duk abin da matsoraci ke lallashin kansa da shi.

Aka kwana uku ƙyallen nan yana sama. Mutane sun shigo kam, amma ba nawa ba. Wasu ma'aurata suka shigo da ƙamshinsu suna neman saitin falo, suka ga tsiraran katakai da ni da ɓurɓushin soso a ɗankwali, matar ta ce, "Ina mai wurin?" Na ce ni ce. Ta dubi mijinta, suka fita ba sallama. Wani ya tambaye ni yaushe za a kawo kayan. Masu tsofaffin kujeru kuwa, waɗanda na tura wa saƙo cewa na koma bakin titi kusa da kemis, ko ɗaya ban gani ba. Na fara zargin kaina, na ce ko dai a gareji ne kawai nake da farin jini.

Ranar Alhamis da hantsi Malama ta kira. Tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, ni na gyara mata kujerun falonta gaba ɗaya bara. Muryarta har yanzu ta filin taron ɗalibai ce.

"Ke! Ina kika ɓuya? Tun ɗazu muke zagaye da mai motar kaya, ya fara yi min tsaki. Na ga kemis, na ga mai labule, tsakaninsu wani wurin masu hannu da shuni ne. Na tambayi kowa a titin nan ina shagon Kar Ki Yar, an ce ba a sani ba."

"Shagon wa, Malama?"

"Kar Ki Yar mana! Ke!"

Na fito da gudu na ɗaga mata hannu. Ta sauko daga gaban motar da tabarau a goshi da lema a hannu, ta dubi ƙyallen, ta dube ni, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa.

"Wannan na waye?"

"Na... wanda zan aura ne."

"Allah ya sanya alheri. Shi ne zai gyara min kujerar?"

Na yi dariyar da ban shirya ba. Bayan an sauke kayan na ce, "Malama, wane suna kika kira ni ɗazu?" Ta ciro wayarta ta miƙo min. Ga lambata, a samanta an rubuta Kar Ki Yar.

"Ba ki san sunanki ba ke nan?" in ji ta. "Ranar da na fara kiranki na ce miki ina da wata kujera da zan ba masu kwashe shara, kafin in rufe baki kika ce, 'Kar ki yar, kawo in gani.' Wadda ta ba ni lambarki ma haka ta ce min, kira Kar Ki Yar. A ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai babu mai kiranki da wani suna. Jiya biyu daga cikinmu sun zo titin nan sun koma da kujerunsu, sun ɗauka sun yi ɓatan kai."

Na zauna a kan kujerar da ta kawo, mai ƙafa uku, saura kaɗan ta kayar da ni. Ni ban taɓa jin kaina ina faɗar kalmar nan ba. Fitowa kawai take yi, kamar atishawa.

Malama na tafiya na ɗauki waya na tura saƙo guda ga duk wadda na taɓa yi wa aiki. "Don Allah ki turo min hoton yadda kika ajiye lambata a wayarki. Kar ki gyara komai, ko zagi ne ina so."

Kafin la'asar wayata ta yi zafi. "Kar ki yar." "Anti Karkiyar." "Kar ki yar mai kujera." Wata ta rubuta "Yarinyar gareji." Wata kuma, Allah ya yafe mata, "Mai kujera mai surutu," ta biyo da saƙon ban haƙuri har layi huɗu. Hotuna arba'in da ɗaya suka shigo, ashirin da tara a cikinsu suna ɗaya ne. Na zauna a ɗakin baya, tsakanin soso da ƙusoshi, ina dariya ina share hawaye da bayan hannu. Mako biyu ina wahalar neman suna a littafi, ashe matan nan sun daɗe da gama aikin.

Ranar Juma'a da yamma Manaja ya zo gida. Na sa doguwar rigata ruwan toka wadda yake so, na yafa farin mayafi, na kankare gam ɗin da ke farcena. Umma ta sa aka jera masa lemo da biskit a faranti mai bakin zinare wanda ba a fito da shi sai da dalili. Ta shige ɗaki, amma ta bar ƙofar a buɗe da faɗin tafin hannu.

"Gobe Mai Fenti zai zo ko?" ya ce. "In tura masa hoton rubutun?"

"Kar ka tura. Na samu suna."

Ya gyara zama yana murmushi. "To, mu ji."

"Kar Ki Yar."

Ya jira in ci gaba. Sai ya ce, "In yar da me?"

"Sunan ke nan."

Ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Da ya ga fuskata ba ta motsa ba, dariyar ta tsaya a hanya. Na miƙa masa wayar, ya dinga jan hotunan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ƙarshe.

"Madam, wannan ai tsokana ce ta mata. Ba a kafa kamfani da tsokana. Ki yi tunanin katinki, ki yi tunanin ranar da za ki shiga ofis neman kwangila a ce daga ina, ki ce daga Kar Ki Yar. Kamar masu tsintar gwangwani."

"Tun Litinin sunanka yana saman ƙofata, mutanena suna zuwa suna komawa da kujerunsu."

"Za su saba."

"Me ya sa su za su saba da naka, kai ba za ka saba da nasu ba?"

Ya ajiye wayar a kan tebur. "Bari in gaya miki gaskiya. Ni sababbi nake sayarwa. Abincina shi ne mutum ya gaji da tsohuwar kujera ya fitar da ita. Sai kuma matar da zan aura ta kafa allo a bakin titi tana ce wa mutane kar su yar? Abokaina har abada ba za su bar ni in sha ruwa ba."

Nan na gane inda ciwon yake, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Amma tausayin bai kai ya rufe min baki ba.

"Matar da za ta hau benenka ba ta zuwa wajena," na ce. "Wadda ke zuwa wajena, kujerar da mahaifiyarta ta bar mata take kawowa, ko wadda ta shayar da 'ya'yanta biyar a kai. Ko kyauta ka ba ta sabuwa, waccan take so. Ban taɓa ƙwace maka mai saye ba. Kuma shagon nan ba reshen kowa ba ne. Da hannun nan na gina shi."

Na ɗaga masa hannun, da tabon guduma da komai.

Ya miƙe, ya gyara hannun rigarsa. "To. Shagonki ne. Amma in dai sunan nan ya hau allo, ƙafata ba za ta taka ciki ba. Na faɗa miki tun yanzu."

"Allah ya kiyaye hanya," na ce. Ban san daga ina kalmar ta fito ba.

Ko ƙarar motarsa ba ta ɓace ba Umma ta fito kamar an harbo ta.

"Kin kyauta! Kin kyauta, 'yar nan! Kin kori mutum da lemonsa ko buɗewa bai yi ba, saboda sunan da ko akuya ba za a raɗa wa ba. Gobe da kaina zan zo shagon, ni da Gwaggonki. Mu ga mai fentin da zai rubuta wannan shirmen ina tsaye."

Na shiga ɗaki na rufe, na yi kukana mai isata. Kar ku ɗauka jaruma ce ni. Sau uku na ɗauki waya zan rubuta masa "na fasa", sau uku hotunan matan nan suna tare ni a hanya.

Asabar tun da sassafe na isa. Na ari kujerar mai kemis na hau, na kwance ƙyallen da hannuna, na goge masa ƙura, na naɗe shi tsaf na sa a leda, don ba wulaƙanci na nufa ba. Sai ga Mai Fenti da tsani a kafaɗa da gwangwanaye biyu.

"To 'yata, 'Shago' ne ko an samu?"

"An samu, Baba. Kar Ki Yar."

Ya sauke tsanin. Ya maimaita a hankali yana ƙirga haruffan da yatsu, sai ya fashe da dariya har burushin ya faɗo daga kunnensa.

"Shekara talatin ina rubuta Alheri da Nasara da Sa'a. Yau dai na samu allon da mutum zai karanta ya waiwayo. Fari a kan shuɗi, manya-manya. Matsa min."

Ban san Malama ta baza labari ba. Yana kan harafi na uku motar kaya ta farko ta tsaya, sai ta biyu. Kafin rana ta take, bakin shagona ya cika da mata da kujeru. Kujeru masu hannu ɗaya, masu yagaggen baya, wata ma an ɗaure ta da igiyar shanya. Matan suka zazzauna a kan kujerunsu a gefen titi suna kallon Mai Fenti, duk harafin da ya gama sai su karanta da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya, Malama tana ba da umarni da lemarta. Mai labule ya fito yana rarraba katinsa, ɗan duniya.

Ana cikin haka tasi ta tsaya. Umma ta fito da fuska a ɗaure, Gwaggo na biye da jakarta. Na taho zan tare su, sai Malama ta riga ni.

"Baiwar Allah, kamar na ga kama. Ke ce kika haifi Kar Ki Yar?"

Umma ta buɗe baki, amma ba a ba ta dama ba. Matan suka yo kanta. Wannan ta kama hannunta, waccan ta ja mata kujera mai lafiya. Wata mai goyo ta ce, "Mama, Allah ya saka miki. Kujerar babana ce, shekara shida da rasuwarsa, mijina ya ce a fitar. 'Yarki ta mayar min da ita har ina jin kamar zai shigo ya zauna." Ta fara hawaye, ta kusa sa ni ni ma.

Ina kallon fuskar Umma tana saki kaɗan-kaɗan. Ta ɗaga kai ta dubi allon, Mai Fenti na cike harafin ƙarshe. Ta gyara mayafinta, ta yi gyaran murya.

"Ai tun tana ƙarama haka take," in ji Ummata, da bakinta, a gaban jama'a. "Ko murfin kwalba ba ta yarwa. Ni ta gado."

"Ni dama tun farko na ce sunan yana da daɗin faɗa," in ji Gwaggo.

Na juya na shige ɗakin baya, na toshe bakina da guntun soso don kar su ji dariyata. Ranar kujera goma sha bakwai na karɓa, har sai da na roƙi mai kemis ya ajiye min uku a bayan kantarsa.

Amma Manaja shiru. Kwana ɗaya, uku, mako. Na aika masa ƙyallensa da saƙon godiya, aka nuna min ya karanta, bai amsa ba. Da rana aiki yana cinye ni, sai in manta. Da na zauna cin abinci sai in tsinci kaina ina duba waya. Umma ta daina faɗa, sai dai kallon tausayi, wanda ya fi faɗan ciwo. Na riga na fara koya wa zuciyata haƙuri, na ce in allon ne ya kore shi, to da ma ba ni yake so ba, manajar reshe yake nema.

Rana ta tara, wajen ƙarfe sha ɗaya, ina durƙushe a bakin ƙofa ina cire ƙusoshi daga wata kujera da filaya, mata biyu na jiran layi. Sai ƙamshin turaren nan ya iso. Ban ɗago ba, na ci gaba da cire ƙusa. Na ji an buɗe bayan mota, na ji ana nishi. Da na ɗago sai ga Manaja, da farar rigarsa mai guga, rungume da wata tsohuwar kujera mai hannun katako, yadinta ya koɗe har ba a gane launinsa, soso na zubowa a kan takalminsa. Ya ajiye ta a bakin titi, taku biyu daga ƙofata, ya tsaya a nan.

"Sannu da aiki," ya ce.

"Yauwa, sannu. Akwai layi."

Matan biyu suka dubi juna. Ya share gumi, ya tsaya a bayansu kamar kowa. Na sallame su ba gaggawa, har da tambayar lafiyar yara. Da aka zo kansa sai ya rage murya.

"Ta Hajiyata ce. Na kai mata sabon saiti, na ce a fitar da wannan. Ta ce a bakin ranta. Wai ƙawayenta sun ba ta labarin wata yarinya, in ɗauka in kai wa Kar Ki Yar."

Sunan ya fito daga bakinsa da ƙyar, amma ya fito, kuma na ji shi da kunnena.

"Ba ta san ni ce ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ce mata na yi kina kula da reshenmu. Ban taɓa gaya mata gyara kike yi ba. Sai yau a hanya."

Wannan ta soke ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Shekara guda yana ɓoye hannuwana. Sai na ji ƙofar motar ta buɗe. Wata dattijuwa gajera ta sauko a hankali, da sanda da farin mayafi. Na dubi kaina, ovarol mai tabon gam, filaya a hannu, ƙusa biyu a baki. Na tofar da su a tafin hannu na durƙusa har ƙasa.

Ba ta amsa gaisuwar da wuri ba. Ta ɗaga kai ta karanta allon, leɓɓanta na motsi. Ta dubi kujerun da ke jere, ta kama hannuna ta juya shi ta ga tabon.

"Ashe ke ce," ta ce. "Shekara guda ana kawo min labarin wata mai zaman ofis, ina ta addu'ar Allah ya sa tana da abin yi."

Sai ta juya wajen ɗanta, ta nuna ƙofar da sandarta.

"Kai kuma me kake jira a titi? Ɗauki kujerar ubanka ka shigar mata ciki. Ni da ita muna da magana."

Ya dube ni, na matsa gefe na ba shi hanya. Ya sunkuya ya rungumi kujerar, ya wuce ta ƙarƙashin allon, ya tsaya a tsakiyar shagona yana tambayata inda zai ajiye.